Zauren Matafiya: Keke, doguwar hanya da abokan da ake tsinta a bakin titi

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da bakina ya suɓuce a fitowar da ta gabata na ce na taɓa yin watanni ina yawo a kan keke a ƙasashen waje, saƙonni suka dinga shigowa kamar ruwan Agusta, wasu tambaya suke tsakani da Allah, wasu kuwa tsokana ce zalla, akwai ma wanda ya rubuto wai in faɗi gaskiya kuɗin mota ne ya ƙare mini. Na ɗebo guda biyar, sauran a yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Jamus shekarata biyu a nan, kullum in na ga Turawan nan sun ɗaura jakunkuna gaba da baya a kekunansu sai raina ya biya, har na sayi keke na hannu amma matsalar ba ni da abokin tafiya, duk ɗan'uwa Bahaushe da na yi wa maganar sai ya kwashe da dariya ya ce wahalar da muka baro a gida ita zan saya da kuɗina. Kusan shekara kenan ina jira. Ya zan yi dan Allah? Ɗalibi daga Jamus.

AMSA: Ƙanena, in dai Bahaushe kake jira ya raka ka toh keken nan tsatsa zai yi a ƙarƙashin bene, ka gama digirinka ka dawo gida ba ka leƙa ko'ina ba. Kar ma ka ga laifinsu, wanda ya yi shekara shida yana taka feda zuwa sakandare cikin ƙurar hunturu da wuya ya yarda cewa ana hawa keke don jin daɗi. Na san an ce a nemi abokin tafiya kafin hanya, amma a wannan harkar abokin a kan hanyar yake, yanzu haka yana can gindin wata bishiya ya kifa keke yana faci.

Ka fara da mai sauƙi. Ka sa kekenka a jirgin ƙasa zuwa Passau, nan bakin iyakar Jamus da Ostiriya, ka bi kogin Danube har Vienna, kilomita 300 da 'yan kai ne, shimfiɗaɗɗiyar hanya ba hawa ba gangara, ka wuce Linz ka wuce Melk ka ratsa gonakin inabi na Wachau, kwana biyar ko shida ka gama. Yanki ne na hanyar da suke kira EuroVelo 6 wadda ta taso daga gaɓar Atlantika a Faransa ta dire a Bahar Aswad a Romaniya. A can za ka koyi kafa tanti, ka san kilomita nawa jikinka yake ɗauka a wuni, ka kuma gane cewa rabin kayan da ka ɗauko ba su da amfani. Sai dai abota ba ta cika ƙulluwa a can ba, tsofaffi ne da kekunan lantarki da iyaye da 'ya'yansu, a ɗaga maka hannu a wuce. Inda hanya ta yi tsanani nan mutane suke manne wa juna.

Ni a Tajikistan na gane haka. Akwai hanyar Pamir, lambarta M41, daga Dushanbe zuwa Osh ta Kirgizistan, sama da kilomita 1,200, kuma kamar mazurari take, duk mai keken da ya taso daga Turai zai yi gabas nan yake son bi, kuma dole cikin watannin zafi kamar daga Yuni zuwa Satumba saboda ƙanƙara, kaga ko ba ka so sai kun haɗu. Abun da zai ba ka mamaki, in ka hango mai keke da kaya yana tahowa daga inda za ka, ba wanda zai ce da wani tsaya, kawai kowa zai ja birki ku jingina a tsakiyar titi ku yi minti 40 kuna magana kamar kun san juna tun yarinta. Tambayoyin kullum iri ɗaya ne, daga ina, ina za ka, wata nawa a hanya, ina ruwa na gaba, iska ta ina take bugowa, gidan wa ka kwana jiya. Irin yadda ayarin da zai je Gwanja yake tare wanda ya fito ya tambayi farashin goro da cikar kogi, wallahi ba bambanci. Wani mutumin Polan da muka yi kiciɓis da shi ya ba ni layin wayarsa na Kirgizistan na ba shi nawa na Tajikistan, muka yi canjin ragowar kuɗi a tsaye, ya zana mini a bayan kwalin biskit inda wata gada ta lalace. Duk abin da ka karanta a intanet na bara ne, na wannan mutumin na jiya ne.

Wanda muka fi daɗewa tare wani dattijo ne ɗan Koriya ta Kudu, malamin makaranta da ya yi ritaya, Turancinsa bai fi kalma 50 ba. A garin Khorog da ke kan wannan hanyar muka haɗu muka yi kwana 11 tare, ni na fi shi ƙarfi a hawa shi kuma a gangara kamar ba ya son ransa, shi yasa da wuya ka gan mu a jere, da safe dai za mu nuna wuri a taswira mu ce nan za a kwana, shikenan. Bayan Murghab, garin da kasuwarsa ma cikin kwantenoni take, akwai hawan Ak-Baital wanda ƙololuwarsa ta kai mita 4,655 sama da teku, can ne ƙarfin nawa ya ƙare, iska ba ta isar huhu, kai na sara kamar ana buga tabarya, na sauka ina tura keke in yi taku 20 in tsaya in kifa kai a sirdi. Dattijon nan da nake wucewa kullum ya zo ya wuce ni a hankali bai ce komai ba, da na iso sama bayan kusan awa ɗaya na tarar ya fake bayan dutse ya kunna risho ya dafa taliya kwano biyu, nawa ya rufe shi da hularsa kar ya huce. Tun kwana na uku ya gane lokacin sallata, in rana ta karkata shi zai nuna sama ya nuna ƙasa ya tsaya ya riƙe mini keke. A Sary-Tash hanya ta rabu, shi ya yi gabas zuwa Sin ta Irkeshtam ni na yi arewa zuwa Osh, sallamar ba ta kai minti biyar ba, ya ba ni cokalinsa na ba shi hular sanyi, har yau ban sake ganinsa ba, sau ɗaya a shekara yana turo hoton jikokinsa.

Amma fa ba kowa ba. Kafin shi na yi kwana huɗu da wani saurayi Bature wanda ba abin da ya sani sai lissafin kilomita, dole sai an yi 120 a wuni, in an tsaya shan shayi yana duba agogo, abun da ya fi ɓata mini rai kuma a kai mu gida a shimfiɗa mana a ba mu burodi da madara, mutanen da kana gani ka san na bakinsu suka ba mu, da safe ya ɗaure kaya ya yi gaba ko sisi bai ajiye ba, yana ma alfahari wai sati biyu bai kashe komai ba. Na ce masa zan huta kwana biyu ya yi gaba. Tun daga nan in na haɗu da mutum ba na kallon kekensa, yadda yake yi wa mai shayi magana nake kallo. Kuma tun farko ka ce mu gwada kwana uku mu gani, kowa ya riƙe tantinsa da rishonsa da famfonsa da kuɗinsa, saboda ranar da za a rabu a rabu ba wanda ya dogara da wani. Akwai kuma Warmshowers, tsari ne na masu keke da suke saukar da junansu a gida kyauta, ka yi rajista tun kana Jamus, masu masaukin nan su suka fi kowa sanin wa ya wuce jiya ya nufi inda za ka.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana yana karatu a Istanbul, ya bugo waya wai hutun nan ba zai dawo ba zai hau keke zuwa ƙasar Jojiya shi da wasu Turawa biyu mata da miji da ya haɗu da su sati biyu da suka wuce. Ni hankalina ya ƙi kwanciya, mutanen da ba ka san asalinsu ba ka bi su daji? Babansa ya ce ni zan yanke. Uwa daga Kano.

AMSA: Hajiya ina gaishe ki, Allah ya raya mana su. Ba zan ce miki ba haɗari ba. A watan Yulin 2018 a yankin Danghara na Tajikistan wasu 'yan ta'adda sun bi ayarin masu keke bakwai da mota suka kashe huɗu, kuma su ma bakwai ɗin yawancinsu a hanya suka haɗu. Amma irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, shi yasa har yau masu keke suke maganarsa. Abin da nake ji wa yaronki tsoro a wannan hanyar ba Turawan ba ne, manyan motoci ne. Daga Istanbul zuwa Batumi ta Jojiya kilomita 1,200 ne da ɗoriya, in suka bi gaɓar Bahar Aswad ma ya fi haka, daga Samsun zuwa Trabzon zuwa Rize har bodar Sarp babban titi ne mai ramukan da aka huda cikin duwatsu, akwai na wajen Ordu da ya kusa kilomita 4, ga duhu ga ƙarar tirela kamar za ta hau kanka. Sai karnukan makiyaya, irin Kangal ɗin nan masu girman ɗan maraƙi, maganinsu kuwa a sauka a sa keke tsakani a tafi a hankali, in ka ce gudu za ka yi ka jawo wa kanka. A duka biyun mutum uku sun fi mutum ɗaya.

Mata da miji da suka kwaso keke tun daga ƙasarsu da tukunya da tanti galibi ba su da lokacin cutar kowa, gajiya ma ta ishe su. Duk da haka ki sa masa sharaɗi, ya turo miki cikakken sunansu da hotonsu tare, ya kunna abin nan na WhatsApp da yake nuna inda mutum yake, kullum bayan magariba ya kira, hular kwano da jar fitilar baya da riga mai ƙyalli dole, fasfonsa da kuɗinsa a jikinsa ko wanka zai shiga, kuma ya gama maganar bizar Jojiya da takardar zamansa ta Turkiyya kafin ya taka feda, kar ya je boda su wuce shi a tsaye. Mutanen ƙauyukan Turkiyya akwai karamci, a gidan mai ma sai an tsayar da kai an ba ka shayi, in suka ji sunan Musulmi kuwa sai ka rasa yadda za ka tafi. Ni a ganina ki bar shi ya je da albarkarki Hajiya, tunda ya tambaya, wani ba zai tambaya ba sai dai ki ga hoto.

TAMBAYA: Ni mai gyaran keke ne shekara 20 ina yi. Wane irin keke ne suke zagaya duniya da shi, kuma irin Phoenix ɗinmu zai iya? Daga Maraɗi.

AMSA: Maigida ai kai za ka koya mana. Masu kuɗi suna sayen keke na musamman mai tsadar babur, amma abin da ake nema bai wuce bodi na ƙarfe ba wanda in ya tsage kowane mai walda zai ɗinke, taya mai lamba 26 da ake samu a kowace kasuwa, kariya mai ƙwari gaba da baya, sai giya mai laushi don hawa. Nan ne Phoenix zai gaza, ƙwari kam yana da shi tunda yana ɗaukar buhun gero, amma giya ɗaya da kaya kilo 30 a kan dutse sai dai turi. Duk da haka akwai Bajamushe Heinz Stücke da ya bar garinsu a 1962 ya yi sama da shekara 50 yana zagaya duniya, mafi yawan tafiyar a kan wani ƙaton keke mai giya uku kacal. Kayan gyara kuwa ka san su, faci da sholisho, tif biyu, sifok na ajiya musamman na ƙafar baya don ita take ɗaukar nauyi, wayar birki, ɗan guntun kaca, sifana, man shafawa. Kuma da irinka za ka shiga hanya da kowa sai ya so tafiya da kai, na ga injiniya guda zaune a bakin titi ƙafar kekensa ta karkace yana neman sabis zai kalli bidiyo.

TAMBAYA: Malam duk labaran nan na masu jan fasfo ne. Mu masu koren fasfo anya za mu iya kuwa ko dai mu yi ta kallo? Daga Kaduna.

AMSA: Ɗan'uwa ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Eh ba ɗaya muke ba, kuma duk wanda ya ce maka ɗaya ne bai taɓa tsayawa a layi da koren fasfo ba. Su suna yanke shawara a bakin boda, yau mu shiga nan ko mu yi can, mu kuwa sai ka tsara komai tun daga gida, biza ta ce kwana kaza ka shiga kwana kaza ka fita, keke kuma bai san wannan ba, iska ta yi maka gaba da gaba kwana uku lissafi ya rushe. Na taɓa tafiya da wasu Turawa biyu muka iso wani shingen bincike a wata ƙasa da ba zan kira suna ba, su aka duba nasu aka miƙa musu da murmushi, ni aka ce in shigo ciki, aka zazzage jakunkuna har tukunya, tambaya ɗaya ake juyawa, wai ina zan je da gaske. Awa biyu. Abin da ya fitar da ni, mutanen nan biyu sun ƙi tafiya, suka jingina kekuna a ƙofar suka zauna a ƙasa suna cin dabino, duk wanda ya fito su ce abokinmu muke jira. Shi yasa nake cewa abokin hanya ya fi mana amfani fiye da yadda yake musu.

Amma muna da namu gatan. Da fasfon ECOWAS kana shiga Benin, Togo, Gana, Kwaddibuwa har Senegal ba biza, kwana 90, ka dai riƙe katin rigakafin shawara, kuma kusan duk babban garin da ka sauka akwai zango, Kumasi ko Accra ka yi sallama da Hausa a amsa maka, Bature ba shi da wannan. Mali da Burkina Faso da Nijar sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ga kuma matsalar tsaro a hanyoyin Sahel, don haka gaɓar teku ta fi. In ka kai Senegal za ka dinga karo da masu gangarowa daga Maroko ta Muritaniya, sun bi ta Nouadhibou da Nouakchott iskar arewa tana tura su, su tsallako ta Diama su huta a Saint-Louis, duk sun ƙone sun rame suna neman wanda za su yi wa surutu bayan sati biyu cikin rairayi. Kuma kar ka manta da Mamadou Safayou Barry, ɗan Gini da ya hau keke a 2023 don neman karatu a Azhar, ya bi Mali, Burkina Faso, Togo, Benin, Nijar har Cadi, kusan kilomita 4,000 cikin wata huɗu, an tsare shi sau uku a hanya, a Cadi yaƙin Sudan ya tare gaba sai wani ɗan jarida ya yaɗa labarinsa jama'a suka haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira, Azhar ta ɗauke shi ta ba shi tallafin karatu. Ba shi da jan fasfo.

TAMBAYA: Ya kuke yi da sallah da abinci in kuna tare da waɗanda ba Musulmi ba? Daga Zariya.

AMSA: Malam sallah ba ta taɓa zama matsala ba, matafiyi yana da ƙasaru, inda ruwa ya yi ƙaranci ga taimama, sauran bayani malamanku na Zariya sun fi ni sani. Abin da na koya kawai ka faɗa tun ranar farko, ina tsayawa sau kaza, ba na cin alade ba na shan giya, in ka yi nauyin baki sai an zuba maka a kwano kake fara kame-kame nan ne abun yake zama kunya. Mai keke ba ya ƙin tsayawa, duk uzurin da zai sa a sauka daga sirdi maraba yake da shi. Abinci kuwa a tsakiyar Asiya da Turkiyya ba ka da damuwa, ga burodi ga shinkafarsu ta plov da karas da naman rago, a Pamir har shayi mai gishiri da man shanu za a ba ka, kofin farko sai ka daure. A Turai kifin gwangwani da ƙwai da taliya su ne abokanka. Ni da ƙullin yajin ƙuli na tafi, dattijon nan ɗan Koriya ya ɗanɗana sau ɗaya a kan taliya, daga ranar kullum da daddare sai ya miƙo kwanonsa yana nuna jakata, kafin mu kai tafkin Karakul ƙullin ya ƙare.